Ɗan wa ake kullewa, ɗan wa ake cewa tashi ka tafi gida

Gidan bostal ɗin nan na Barnawa, wato gidan gyaran halin matasa masu laifi, ya girmi yawancinmu masu rubuce-rubuce a waya, tun farkon shekarun 1960 yake nan, kuma an daɗe irinsa uku ne kacal ke aiki a duk faɗin Najeriya, namu na Kaduna da na Ilorin da na Abekuta. A hannun Turawan Ingila muka gaji tsarin, su sun fara shi a 1902 kuma da kansu suka soke shi da dokar 1982, mu dai har yau muna riƙe da abinmu. An yi shi ne don matasa masu shekara 16 zuwa 21, maimakon a cakuɗa su da manyan fursunoni a ware su daban su yi karatu su koyi kafinta ko ɗinki ko walda. A takarda babu laifi. To amma ni yau ba ginin ne a gabana ba, abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne hanyar da yaro ke bi kafin ya kai can, ko ya kai inda ya fi can muni wato sel ɗin manya, da kuma tambayar da kowa ya san amsarta amma ba a son yin ta a bainar jama'a, yara biyu sun yi laifi iri ɗaya, me ya sa ɗaya ke kwana a ɗakin uwarsa ɗaya kuma ke kwana a bayan kanta?

Na jima ina bibiyar yadda Amurkawa ke fama da wannan maganar, ba wai don sun fi mu imani ba, ta wani fannin ma sun fi mu rashinsa, sai dai su komai ƙirgawa suke suna rubutawa, shi ya sa abin kunyarsu yake a fili kowa na gani. Su ne suka fara buɗe kotun yara zalla a Shikago a 1899, da niyyar cewa yaro gyara yake buƙata ba azaba ba. Amma da aka shigo shekarun 1990 tsoro ya kama su, laifukan matasa sun yi yawa a manyan birane, har wani malamin jami'a mai suna John DiIulio ya yi rubutu a 1995 yana cewa ga wasu sabbin yara nan tafe marasa tausayi marasa tsoron komai da za su addabi ƙasar. 'Yan siyasa suka ɗauki maganar suka yi ta yamaɗiɗi da ita, kusan duk jihohinsu suka canja doka yadda za a riƙa kai ƙananan yara kotun manya cikin sauƙi. Abin da ya hango bai zo ba, laifukan ma raguwa suka yi ta yi tun daga tsakiyar shekarun, shi da kansa daga baya ya janye maganar, amma an riga an cika gidajen tsare yara, kuma ba sai an faɗa maka fuskar wane yaro mutane ke gani a ransu ba idan aka ce mara tausayi. Baƙar fata ne.

Akwai labarin yara biyu da duk sanda na tuna su sai raina ya ɓaci. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a unguwar Bronx ta birnin Niyok a 2010, wai ya ƙwaci jakar goyo. Ya ce bai yi ba. Aka sa belinsa dala 3,000, gidansu ba su da shi, aka wuce da shi kurkukun Rikers, shekara uku yana can ba a yi shari'ar ba, kusan biyu daga ciki shi kaɗai a ɗakin kaɗaici. An sha ce masa ya amsa laifi kawai a sake shi, ya ƙi, ya ce ba zai amsa abin da bai yi ba. A 2013 aka kori ƙarar aka ce ya tafi gida, haka kawai, ba wanda ya tabbatar da komai a kansa. A 2015 ya kashe kansa a gidansu yana da shekara 22. A wannan shekarar dai ta 2013 a jihar Teksas wani yaron, Ethan Couch, shi ma ɗan 16, farar fata ɗan masu kuɗi, ya yi tatul da giya ya tuƙa mota ya kashe mutum huɗu, aka kawo masanin halayyar ɗan Adam ya shaida wa kotu cewa gata ne ya yi masa yawa har bai san iyakarsa ba, alƙaliya ta ba shi shekara 10 na sa ido a waje da zaman gidan jinya, ba kurkuku. Jaka ɗaya da ba a ma tabbatar ba, da rai huɗu. Jihohi daban ne, alƙalai daban, na sani, amma ƙasa ɗaya ce.

Gaskiya sun yi ƙoƙarin gyara kuma ya kamata a faɗa. Wata gidauniya mai suna Annie E. Casey ta fara wani shiri a 1992 na rage tsare yara kafin shari'a, ta nuna wa ƙananan hukumomi cewa yawancin yaran da ke kulle ba masu haɗari ba ne, wasu fashin makaranta ne, wasu sun tsallake ranar kotu ne, wasu kuma ba wanda ya zo ɗaukarsu ne kawai. Kotun Ƙolinsu ta hana yanke hukuncin kisa kan laifin da aka yi kafin shekara 18 a 2005. Jihar Niyok ta yi doka a 2017 ta daina ɗaukar 'yan 16 da 17 a matsayin manya kai tsaye, kuma mutuwar Kalief na cikin abin da ya tunzura hakan. A shekarar 2000 yaran da ke kulle a rana ɗaya a ƙasar sun haura 100,000, zuwa 2022 ba su kai 30,000 ba, kuma sama ba ta faɗo ba. Abin da ya ƙara musu ƙarfin gwiwa shi ne bincike ya yi ta nuna cewa kullewar kanta ɓata yaro take. Wasu masana biyu, Anna Aizer da Joseph Doyle, sun bi bayanan yara sama da 35,000 a Shikago, inda shari'a ke faɗawa hannun alƙali ba da zaɓi ba, wani alƙalin mai zafi wani mai sauƙi, sai suka kwatanta yara masu laifi iri ɗaya da sa'a ce kawai ta raba su. Wanda aka kulle ya fi wanda aka bari a gida barin makaranta, kuma ya fi shi komawa kurkuku bayan ya girma, da tazara mai yawa. Mu nan ba sai an yi mana bincike ba ma, kakanninmu sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

To ga inda nake so a tsaya a duba da kyau. Duk da wannan ragin na kusan kashi 75 cikin 100, bambancin bai tafi ba. Har yanzu yaro baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a kulle shi sama da ninki huɗu, baƙaƙe ba su wuce kashi 15 cikin 100 na yaran ƙasar ba amma su ne kusan kashi 40 ko fiye na waɗanda ke tsare, kuma 'ya'yan asalin mazauna ƙasar su ma suna shan irin wannan. Alhali tun 1988 majalisarsu ta sa a doka cewa jihohi su duba wannan matsalar, a 2018 ta sake ƙarfafa ta. Wato da aka buɗe ƙofar sassauci, masu gata ne suka fara fita ta cikinta. Wannan shi ne darasin da ya fi damuna, don idan gobe gwamnatin Kaduna ta ce ta kawo tsarin sulhu da aikin al'umma maimakon kulle yara, na san 'ya'yan da za su fara cin moriyarsa, kuma ba su ne ke kwana a tashar mota ba.

Wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna inda bambancin ke haihuwa. George Bridges da Sara Steen sun zauna sun karanta rahotannin da jami'an kula da yara ke rubuta wa alƙalai a jihar Washinton. Sai suka ga idan yaron fari ne sai a rubuta cewa gidansu ne ba zaman lafiya, ko abokai ne suka ja shi, ko ƙwaya ce, idan kuma baƙi ne sai a rubuta cewa halinsa ne haka, ba ya nadama, ba ya ganin girman kowa. Laifi ɗaya, amma ɗaya abin ya same shi ne, ɗaya kuma shi ne abin. Alƙali kuma abin da ke takarda yake bi. Ba lalle ma jami'in ya san yana yi ba, shi a ganinsa aikinsa yake tsakani da Allah.

Mu a Kaduna duk fatarmu ɗaya, shi ya sa wani zai ce wannan matsalar Turawa ce ina ruwanmu. Wallahi akwai ruwanmu har da tsaki. Namu bambancin ba a fata yake ba, yana unguwar da ka fito, da yaren da ke bakinka, da rigar da ke jikinka, da ko akwai wanda zai zo caji ofis da mota saboda kai. Yaron Malali ko Unguwar Rimi GRA idan aka kama shi da ƙwaya sai a ce sharrin abokai ne, yaron Rigasa ko Tudun Wada ko Unguwar Mu'azu da ƙwayar nan dai sai a ce ɗan shara ne, wato ɗan daba. Yaron Fulani da bai iya Turanci ba, Hausar ma da ƙyar, in aka tsare shi a bakin hanya da sanda a hannu kafin ya buɗe baki an riga an ce ɗan leƙen asirin masu garkuwa ne. Almajiri kuwa ba a ma tambaya. Kuma tun rikicin 2000 da na 2002 da suka raba garin nan biyu, kogi ya zama iyaka, yaro Bahaushe da aka kama a Sabon Tasha da yaro Kirista da aka kama a Rigasa duk sun san irin kallon da ake musu, na baƙo wanda ba shi da kowa a kusa. Ba na ware ɓangare ɗaya a wannan, kowane ɓangare yana da yaran da yake gani a matsayin yara da waɗanda yake gani a matsayin matsala.

Na ga wannan da idona a unguwarmu. Wasu yara biyu, sa'annin juna, ba za su wuce sha biyar ba, suka ɗauke waya a shagon mai caji suka sayar, aka bi sawu aka kama su tare. Ɗaya ɗan wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ɗayan almajiri ne da ya sauke allo ya koma wankin mota a bakin titi, iyayensa suna can wani ƙauye ta wajen Birnin Gwari inda hanyar ma ba ta biyuwa yadda ake so. Mai gidan wankin motar ne ya zo ya same ni bayan isha'i ya ce Malam don Allah mu je ka sa baki tunda kai ka iya magana da su. Muna isa muka tarar da su biyun zaune a ƙasa bayan kanta, an cire musu riga da takalmi, kowanne ya haɗa kai da gwiwa. Ba mu daɗe ba sai ga dattijon nan da babbar riga da ƙaninsa, suka gaisa da jami'in da ke kan tebur, ya ce "Yallaɓai yaro ne, ƙuruciya ce da sharrin abokai, ni zan biya kuɗin wayar." Jami'in ya miƙe tsaye ya ce "Ba komai Baba, Allah ya shirya mana, a je a ja masa kunne." Aka miƙo wa yaro rigarsa. Kuma ni ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, abin da ya kamata a yi kenan.

Sai aka juyo kan ɗayan. "Kai shekarunka nawa?" Ya ce bai sani ba. "Ina ubanka?" Ya faɗi sunan ƙauyen. Jami'in ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ai ya kai sha tara, dubi idonsa, irinsu ne ke lalata 'ya'yan mutane, ya rubuta 19 a takarda ina tsaye. Na ce ranka ya daɗe tare fa suka yi, kuma wancan ne ma ya kai wayar kasuwa. Ya ce Malam kai ubansa ne? Na ce a'a. Ya ce to ba ka san su ba, in na sake shi gobe ina zan gan shi. Mai wankin mota ya ce yallaɓai a wurina yake kwana, ni zan tsaya masa, aka ce masa shi ma ai ba shi da adireshi. Aka wuce da yaro ciki. Da safe na kai masa biredi da ruwan leda, da aka buɗe ƙofar zafi da ɗoyin da suka bugo ni sai da na ja baya, manya ne cike a ɗakin, wasu da gemu, shi kuma an tura shi can kusa da bokiti don sabon zuwa nan ne wurinsa. Bai yi kuka ba, abin da ya ce min kawai shi ne Malam ka ce wa oga kar ya ba wani bokitina da sosona.

Sai da mai unguwa da malaminsa na allo suka sa baki, mai shagon caji ya ce shi an biya shi ya yafe, sannan aka sako shi, ba a kai kotu ba. Ya yi sa'a kenan. Da an kai shi gaban majistare da 19 ɗin nan a takarda, sai a sa beli a ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza ko mai takardar fili a cikin gari, wanda shi duk danginsa babu, sai a wuce da shi gidan yari a matsayin mai jiran shari'a, kuma a ƙasar nan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari jiran shari'ar suke, ba a yanke musu komai ba. Yanzu yana nan yana wankin motarsa, amma ya daina gaishe da mutane da fara'ar da, kuma akwai wasu manya da ya sani a ciki da nake ganin suna tsayawa wurinsa da yamma, abin yana damuna.

Maganar shekarun nan ba ƙarama ba ce. Yaran talakawa da yawa ba su da takardar haihuwa, ba a yi musu rajista ba, to wanda ke riƙe da biro shi ke yanke shekarun, kuma rubuta 18 ko 19 ya fi masa sauƙi don ba sai ya nemi jami'in walwala ko kotun iyali ko wurin ajiye yara ba. Da lamba biyu an fitar da yaro daga duk kariyar da doka ta ba shi. Kuma dokokin suna nan fa, ba wai babu ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, wadda ta ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe kuma na ɗan ƙanƙanin lokaci, ta kuma ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙananan maganganu ta hanyar sulhu da biyan diyya ba sai an je kotu ba. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018. A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar da ta canja gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, ta ce a raba yara da manya. Wato abin da aka yi wa ɗan dattijon nan ba alfarma ba ce, haƙƙi ne da doka ta ba su su biyun, ɗaya ne kawai ya samu.

Duk ƙasar nan ta ga abin da nake faɗa ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja. Wata uku suna tsare, an kwaso su daga Kano da Kaduna da wasu jihohin, sun rame ƙashin wuya a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa, aka sa belin naira miliyan 10 kowanne. Bidiyon ne ya cece su, da ya zagaya duniya ta yi caa sai Tinubu ya ba da umarni a sake su, aka miƙa su ga gwamnoni Uba Sani da Abba Kabir Yusuf a fadar shugaban ƙasa. Na yi murna, amma ka dubi fuskokin nan ka gaya min ɗan babban mutum nawa ka gani a ciki. Kuma waɗannan kyamara ta gan su ne.

Na san abin da wasu za su ce don an sha faɗa min a majalisa, wai Malam kai ba a taɓa sa maka wuƙa a wuya an karɓi wayarka ba ne. Ba na raina wannan maganar. Akwai gidajen da aka yi zaman makoki a garin nan saboda waya, kuma wanda ya soka wuƙar wani lokacin bai kai sha bakwai ba. Matar da aka kashe wa ɗa ba za ka je kana mata bayanin ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama nuna ba. Akwai yaran da dole a tsare su, don kare mutane da kare su kansu daga hukuncin jama'a, don mun san abin da ke faruwa in aka yi ihun ɓarawo a kasuwa. Amma su ƙalilan ne, kuma cusa ɓarawon waya na farko a ɗaki ɗaya da mai kisa ba ya rage masu kisa, ƙara su yake. Waɗanda dole a tsare ɗin ma akwai yadda ake yi. Jihar Misuri ta rufe manyan gidajen horon yaranta a farkon shekarun 1980 ta koma ƙananan gidaje kusa da garuruwan yaran, ana raba su rukuni na goma zuwa sha biyu da ma'aikatan da suka san kowanne da sunansa, da makaranta kullum, da iyaye na zuwa. Mu kuma yaro daga Sakkwato ko Maiduguri sai a kawo shi Barnawa, uwarsa ba ta da kuɗin motar zuwa ganinsa.

Kuma kar mu ɗora wa hukuma komai, mu iyaye ma muna kullewa. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, da yawa yara, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi, don yaro ya gagare su ba su da inda za su kai shi. Ba na zagin iyayen, na san abin da ƙwaya ke yi wa gida. Amma duk inda aka ce ana kulle yaro ne don amfaninsa, ba wa'adi ba mai dubawa, to a ji tsoro. Amurka ma ta bi ta nan, a 1964 aka kama wani yaro ɗan 15 a Arizona mai suna Gerald Gault kan zargin ya buga wa maƙwabciya waya ya yi mata batsa, ba lauya ba shaida alƙali ya tura shi gidan horo har ya kai 21, alhali da babba ne iyakarsa tarar dala 50 ko wata biyu. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta ce yaro ma yana da haƙƙin lauya da sanin abin da ake tuhumarsa.

Wurin da na ga an taɓa bambancin kansa, ba adadi kawai ba, shi ne ƙaramar hukumar Multnomah a jihar Oregon, kuma abin da suka yi ba wani abin kuɗi ba ne. Sun daina barin jami'i ya dubi yaro ya yanke da ido, suka yi fom mai maki, girman laifi, ko ya taɓa yi, ko ya taɓa gudun kotu. Sannan suka zauna suka tace tambayoyin fom ɗin ɗaya bayan ɗaya suna neman wadda ke cutar da yaran baƙaƙe a ɓoye. Maimakon a tambayi ko yaro ya fito daga gida mai uwa da uba, sai aka koma tambayar ko akwai wani babba da zai ɗauki nauyin kawo shi kotu, ko kaka ce ko kawu. Maimakon ko yana zuwa makaranta kaɗai, sai ko yana wani abu mai amfani, aiki ko koyon sana'a. Zuwa wajen shekarar 2000 tazarar da ke tsakanin yaran farare da sauran ta kusan rufewa a wurin. Da irin wannan fom ɗin ne a kan tebur daren nan, mai wankin mota babba ne mai ɗaukar nauyi, wankin mota kuma sana'a ce, yaron nan da a shimfiɗarsa zai kwana.

Mu da muke cewa mu masu addini ne ma bai kamata a zo daga Oregon a koya mana wannan ba. Hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata yana cikin Bukhari da Muslim, manyan Ƙuraishawa suka turo Usama ɗan Zaid ya nema mata alfarma, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabata shi ne in mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, in mai rauni ya yi sai su tsayar masa da hukunci. Muna karanta shi a kan mumbari muna kuka, sannan mu fito mu ɗauki waya mu kira wanda muka sani saboda ɗanmu, ɗan maƙwabci kuma mu ce ai dama ɗan iska ne. Ni ba cewa nake a daina sassauta wa ɗan mai gata ba, yaro ne shi ma, an ɗauke masa alƙalami har ya balaga kamar kowa. Cewa nake a miƙa wannan sassaucin ga wanda ba shi da mai kira.

Abin da nake so in gani daga ma'aikatar shari'a ta jihar nan da majalisar dokoki shi ne ƙirga. Duk yaron da ya kwana a sel a rubuta shekarunsa da unguwarsa da laifin da kwanakin da ya yi da ko wani ya zo masa, duk wata uku a fitar da jimillar kowa ya gani ba tare da sunaye ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta ɗora wa majistarori zagaya wuraren tsare mutane na 'yan sanda duk wata, kuma Kaduna ta yi irin tata a 2017, to in sun je su riƙa tambayar duk mai ƙaramar fuska shekarunsa da bakinsu, kuma in ana kokwanto a ɗauke shi yaro har sai an tabbatar da akasin haka. Belin yaro kuma a karɓi mai unguwa ko limami ko fasto ko ubangidan sana'a, a daina neman takardar fili a wurin wanda ko tabarma ba tasa ba ce.

A ɓangarenmu mu kuma mun fara magana a kwamitin masallacin unguwa, muna so mu samu dattawa biyar ko shida da za su ba da lambarsu a caji ofis mafi kusa, duk daren da aka kawo yaron da ba shi da kowa a kira ɗaya daga ciki, ko ɗan waye ko wane addini yake. Muna kuma bin malaman allo da masu garejin da ke da yara su kai su hukumar ƙidaya a yi musu takardar haihuwa a ajiye kwafi a wurin mai unguwa. Biyu daga cikin malaman sun yarda, ɗaya ya ce sai ya tuntuɓi iyayen yaran in sun zo bayan girbi.